Mitar gudun babur tana ɗaukewa: a gwada kafin a sayi sensa

Wani ɗan'uwa daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi babur na hannu, irin mai mitar lambobi, ba mai allura ba. Da farko lafiya lau. Bayan an yi masa faci a ƙafar gaba ana tsakiyar damina, sai mitar ta fara wasa: yana tafiya tana nuna 40, sai ta faɗo sifili, can kuma ta dawo. Yanzu ta tsaya a sifili ɗungurungum, amma hasken mitar da alamar mai duk suna aiki. Bakanikensa ya ce sensa ce ta mutu, wani kuma ya ce mitar gaba ɗaya za a canja. Yana tambaya maganar wa zai bi.

Malam, sannu da fama. Shawarata kada ka fitar da kuɗin sensa, balle na mita, sai an gwada. A cikin baburan da ake kawo mana gareji da irin wannan ciwo, kaɗan ne ake tarar da sensar ce da kanta ta mutu. Abu ne da aka rufe ruf cikin roba, ba ya goguwa da komai, ruwa ma bai cika samun hanyar shigarsa ba. Abin da ya fi lalacewa shi ne abin da ke kewaye da ita: wayarta, soket ɗinta, da abin da ke juyawa a gabanta. Tambayarka ma ta riga ta nuna inda za a fara dubawa, tunda ka ce bayan faci abin ya soma, kuma bai mutu farat ɗaya ba, sai da ya yi ta ɗaukewa yana dawowa.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don in ka gane shi ba wanda zai sake yi maka kame-kame. Baburan da ke hannun mutanenmu iri biyu ne ta wannan fuska. Boxer da Jincheng da yawancin roba-roba, wata waya ce ta ƙarfe take juyawa daga ƙafar gaba ta hau zuwa mita, babu wuta a harkar. Irin naka kuwa, kamar Pulsar da kamfanin Bajaj ya fara sa wa mitar lambobi tun 2006, ko Apache na TVS, wayar da ka ga ta sauko ta bi shokar gaba ba juyawa take ba, wayar wuta ce. A cibiyar ƙafar akwai wani ɗan zobe mai maganaɗisu da ke juyawa tare da taya. Sensa tana zaune dab da shi, duk sanda maganaɗisun ya gifta ta gabanta sai ta aika wa mita ɗan bugun wuta. Aikin mita ƙirga ne kawai: bugu nawa suka zo a daƙiƙa. Tayar gaba mai lamba 2.75-17 zagayenta ya kusa santimita 180, ke nan kowane kilomita juyi ne wajen 550, kuma da wannan lissafi aka saita mitar tun daga kamfani. Yawancin sensocin nan suna aiki ne da wata ɗabi'a ta wutar lantarki a gaban maganaɗisu, wadda wani masani Ba'amurke mai suna Edwin Hall ya gano a 1879, shi ya sa za ka ji masu wayarin suna cewa sensar Hall.

Ba kowane babur ne sensarsa ke ƙafar gaba ba. Wasu a jikin inji take, kusa da ƙaramin faifan haƙoran da ke jan sarƙa, wasu manyan kuma da zoben birkin ABS, mai hana taya kullewa, suke ƙirga. Ka fara tabbatar da inda taka take. Daga bayaninka ina kyautata zaton a ƙafar gaba ce.

To, ɗora babur a babban jak, wani ya danne baya har ƙafar gaba ta tashi daga ƙasa. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka wulwula tayar da hannu da ƙarfi. Lafiyayyar mita za ta nuna ɗan abu, ko 3 ko 5. In ba ta motsa ba, ga tambayar da nake so ka tuna: ranar facin nan, an cire ƙafar ne ko a jiki aka zaro tub aka liƙe? In an cire, kusan na san abin da za ka tarar. Gidan sensa yana da wasu 'yan kunnuwa, galibi biyu, da ke shiga gurbinsu a cibiyar wili, su ne ke jan zoben maganaɗisun. Mai faci yana sauri, ranar kasuwa ce, babura sun yi layi, sai ya mayar da ƙafa ba tare da ya daidaita kunnuwan da gurbinsu ba, ya kawo sifana ya ɗaure noti iya ƙarfinsa. Kunnuwan su lanƙwashe ko su karye. Kwanakin farko matsewar da aka yi musu tana ɗan jan zoben, yana juyawa yana zamewa, shi ne ka ga lamba tana zuwa tana ɗaukewa. Da wurin ya gama sulɓi sai zoben ya tsaya cak, taya tana juyawa ita kaɗai. Sensar nan lafiyarta ƙalau, ba abin da ke giftawa ta gabanta ne. In ƙarfe ne kunnuwan kuma lanƙwashewa kawai suka yi, filaya ta isa ta miƙe su. In roba ne sun karye, zoben za a nema, kuma a wasu baburan ana sayar da shi shi kaɗai.

Tunda an buɗe, a duba sauran. Gidan sensar yana da wata tsaga da ke kama wani ɗan tudu a jikin shoka don kada ya bi taya ya juya. In ba a sa shi a wurinsa ba, gidan zai juya ya ja wayar har ta tsinke daga ciki. A duba ɗan bututun ƙarfen nan da ke tsakanin wili da shoka, ko an manta da shi ko an juya shi, don shi ke tsayar da tazarar da ke tsakanin sensa da maganaɗisu, tazarar kuwa 'yar kaɗan ce, in ta buɗe sensa ba ta ji. A goge taɓo da tsohon giris da ya cakuɗe da yashi. Za ka ga wani baƙin gari ya manne a jikin maganaɗisun kamar gashi, garin ƙarfe ne, a share shi tas da tsumma. Kafin a cire ƙafar ma, kama tayar da hannu biyu ka girgiza ta hagu da dama. In tana rawa, boris ya tafi, kuma boris mai rawa yana sa zoben ya riƙa matsowa yana ja da baya, wani lokaci har ya ci fuskar sensar. Sabuwar sensa a kan mataccen boris asarar kuɗi ce.

In ƙafa ba ta da laifi, sai waya. Ita ce ta fi kowa shan wahala a babur ɗin ƙauye. Shoka tana hawa tana sauka yini guda a hanyar burji, wayar tana lanƙwashewa tare da ita. Ga kututturen gero da ƙaya a burtali, ga igiyar da aka ɗaure jarka ko buhu da ita ta bi ta kanta, ga ɓera in kusa da rumbu babur yake kwana. Abin haushin shi ne jan ƙarfen da ke ciki yana tsinkewa robar waje tana nan sumul, ido ba ya gani. Wurare uku take yawan karyewa: daidai inda ta fito daga sensa, inda aka maƙale ta a jikin shoka, da wuyan babur inda kai ke juyawa. Ku zama ku biyu. Ɗaya yana juya taya ba tsayawa, ɗaya yana bin wayar da yatsu yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan tun daga ƙasa har sama, idonsa a kan mita. Sannan a karya kan babur hagu har ƙarshe, a karya dama har ƙarshe. Inda lamba ta fito ko ta ɗauke, nan ciwon yake.

Wajen gyaranta ne nake da ƙorafi a kan 'yan'uwana masu sana'a. A fere waya, a murɗa, a naɗe da salatif, a ce an gama. Wannan ɗaurin yana iya riƙe fitila, amma wutar sensa 'yar mitsitsiya ce, tsatsa kaɗan ta isa ta ɓata ƙirgan, kuma wurin yana shan ruwa da jijjiga. A liƙe da dalma, kowace waya a rufe ta daban da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, a sake rufe su gaba ɗaya. A bar wa wayar sarari yadda ko shoka ta miƙe iyakarta ba za ta ɗame ba, kuma kada ta taɓa taya ko faifan birki. In kuwa a bakin sensar ta tsinke, inda babu abin kamawa, to nan kam sai sabuwa.

Soket ɗin yana bayan fitilar gaba a yawancin babura. Ku da ke yankin fadamar kogin Haɗeja kun san yadda damina take, babur ya ratsa ruwa safe da yamma, ga wankin injin feshi da ke tura ruwa inda ruwan sama ba ya kaiwa. Zare soket ɗin ka leƙa. In ka ga kore-kore ko fari-fari a kan ƙarafan, ko ɗaya ya noƙe baya ba ya kai wa ɗan'uwansa, ka samu. A wanke da maganin feshin da masu gyaran waya da rediyo ke amfani da shi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bari ya bushe sosai. Kada a ɗiga baƙin mai a ciki.

Duk wannan ba ka kashe wani kuɗin kirki ba. In har yanzu shiru, lokacin maltimita ya yi, wato na'urar awon wuta, kuma in bakanikenka ba shi da ita ka nemi mai wayarin, ko mai haɗa sola, ko mai gyaran rediyo, duk suna da ita. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙirga wayoyin sensar. In uku ne, ɗaya ce ke kawo wuta, ɗaya ta at, wato mai komawa jikin ƙarfe, ɗaya kuma ita ke kai saƙo mita. Kada ka dogara da launi, kowane kamfani da nasa. A sa maltimita a awon wutar batir, a kan 20. A bar soket ɗin a haɗe, a soka allurar ɗinki ta bayansa ta taɓa ƙarfen kowace waya, a kula kada allurai biyu su haɗu. A murɗa makulli. Tsakanin wayar wuta da ta at ya kamata a ga bolt 5, ko kusan 12, gwargwadon ƙirar babur ɗin. Sannan a koma tsakanin wayar saƙo da ta at, a juya taya a hankali ƙwarai. Lafiyayyar sensa za ta sa awon ya riƙa tsalle: ya faɗi kusa da sifili, ya hau kusa da 5 ko sama, ya sake faɗuwa.

Na ce a bar soket a haɗe ne saboda dalili. Yawancin sensocin nan ba sa tura wuta da kansu a wayar saƙo. Mita ce ke ɗora wa wayar wuta, ita sensa aikinta ta riƙa janyo ta ƙasa tana saki. Wanda ya zare soket ya auna a gefen sensa ba zai ga komai ba, sai ya yanke hukuncin ta mutu, a jefar da lafiyayyen kaya. Haka kuma kada a gwada wayar saƙo da ƙwan fitila, kada a karta waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi yadda aka saba a tsofaffin babura. Wannan yana iya ƙona sensar ko ya taɓa mitar, ciwon da babu shi a da ya samu.

Karanta sakamakon ba wuya. In wuta ba ta zuwa, laifin yana sama: fiyus, waya, ko at ɗin da ya yi tsatsa. In wuta tana zuwa, zobe yana juyawa, waya lafiya, amma awon saƙo ya kafe wuri ɗaya, to bakanikenka ya yi gaskiya, sensa ce. In saƙo yana tsalle a soket ɗin ƙasa, a bi shi har bakin mita. In ya isa can yana tsalle amma mita tana nuna sifili, sai a lokacin za a yi maganar mita. Ka lura da lambobin kilomita ma: in suna ƙaruwa alhali gudu ba ya nunawa, saƙo yana isa, ciwon yana cikin mitar.

Sensa mai waya biyu ta fi sauƙi. Wata ɗan makunni ne da maganaɗisu ke rufewa in ya gifta, a sa maltimita a wurin ƙara, a juya taya, za ka ji tana ƙara tana yin shiru. Wata kuma naɗin waya ne a ciki, ita ce ke haifar da 'yar wutarta, a sa maltimita a awon wuta irin ta gida, a wulwula taya da sauri, awon zai ɗan tashi.

Akwai wasu alamu biyu da ba su shafi taka ba, amma masu karatu za su ci karo da su. In babur yana tsaye inji yana aiki amma mita tana nuna gudu, ko lambobi suna hauka in an murɗa totur, a duba fulogi da hularsa. Babur mai mitar lambobi yana son fulogi mai hana hayaniyar wuta, a na NGK shi ne mai harafin R a cikin lambarsa. In an sa masa marar wannan kariyar don araha, tartsatsin fulogin yana iya shiga wayar saƙo mita ta ƙirga shi. Na biyu caji. Batir lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.5 in inji a kashe yake, in an tayar an ɗan ba shi wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15 rektifaya, wato mai daidaita caji, ta lalace, kuma ba mita kaɗai za ta ci ba. A nan ne nake jan kunnen samari masu ƙara fitilu masu walƙiya da sifika da wurin cajin waya: yawancin masu haɗa musu a bayan fitila suke fere duk wayar da suka ga tana da wuta, wani lokaci ta sensar ce. Wanda zai kai babur walda kuma ya cire kan batir tukuna.

In ta tabbata sai an saya, tafi da tsohuwar a hannu, ko ka ba direban da ke shiga Kano ya kai Sabon Gari da ita. A gwada yawan wayoyi, siffar soket, tsawon waya, da jerin wayoyin a cikin soket, don ana samun wadda bakinta ya shiga daidai amma wutar da saƙon sun yi musaya. Wadda aka yi wa wani babur daban tana iya aiki ta riƙa ba da lissafin ƙarya, saboda yawan bugun da ke cikin juyi ɗaya ba ɗaya ba ne. Ni a ganina ta asali da aka ciro daga babur ɗin da ya yi haɗari ta fi sabuwa marar suna, muddin an gwada ta a gabanka. A haɗa soket a juya taya a ga lamba kafin a ɗaure komai.

Masu Boxer da sauran masu allura, naku ba sensa ba ce ko da kun ji ana faɗa. Tsohuwar dabara ce da wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi wa rajista a Jamus tun 1902: waya tana juya maganaɗisu a cikin mita, shi kuma yana jan wani ɗan kofin alminiyom da allura ke kai. Kwance wayar daga ƙasa, ka ja 'yar cikin. In ta zaro guntuwa, ta tsinke. In ba ta tsinke ba, murza ta da yatsu da sauri, ka gwada ta kowane ɓangare, allura za ta yi tsalle in mita lafiya. Daga nan juya taya ka leƙa ramin da wayar ke shiga, in cikinsa ba ya juyawa giyar mita ta cinye ko kunnuwanta sun karye, kuma dalilin dai ɗaya ne da na sama. Allura mai rawa kuwa waya ce ta bushe ko ta lanƙwashe. A sa mata giris kaɗan, amma a bar ƙarshenta na sama a bushe don kada ya hau cikin mita.

Bayan gyara, gwada gaskiyar mitar. Sa manhajar awon gudu mai aiki da GPS a wayar hannu, ka ba wanda ka goya ya riƙe, ku hau kwalta miƙaƙƙiya ku tsaya a gudu ɗaya. In mita ta ɗara wayar da kaɗan ba laifi, haka kamfanoni suke saita ta. In bambancin ya yi yawa, duba lambar tayar gaba ko ita ce wadda littafin babur ɗin ya ce. Taya mai inci 18 a gurbin mai 17 tana sa mita ta rage gudu da kilomita da kusan kashi 4 cikin 100.

Na san da yawa za su ce babur yana tafiya, mece ce mita. Dokar hanya ta Najeriya kilomita 50 a awa ta ƙayyade wa babur, amma ko a bar wannan, in sensa ba ta aiki lambobin kilomita ma sun tsaya, kuma da su ake sanin lokacin juyen baƙin mai. Wanda ke zirga-zirgar Gujungu ran Lahadi da Maigatari ran Alhamis, da wanda iyakarsa gona da masallaci, ba za su yi juye da lissafin kwanaki iri ɗaya ba. A babur mai injekta kuma kwamfutar inji tana amfani da saƙon gudun, shi ya sa wani lokaci fitilar inji ke kamawa tare da mutuwar mita. Kafin ka samu a gyara, rubuta ranar da ka yi juye na ƙarshe da kimanin tafiyar da kake yi a mako, ka riƙa zaro sandar awon mai kana duba launinsa da yawansa.